Kafin a Sallama Tsohon Jirgin Fito

Mafi yawan watannin shekara, Gulbin Gagare da ke bi ta gefen Ƙaura Namoda ba ya buƙatar jirgi. Yashi ne shimfiɗe, masu gini na ɗiba, masu lambu na tona ruwa a cikinsa, yara na ƙetarewa da ƙafa. Haka Gulbin Bunsuru da ya taso daga ƙasar Katsina ya ratsa ƙasar Zurmi, kafin su biyun su gangara arewa su haɗu su zama Rima. Amma da damina ta zauna, daga Yuli zuwa Satumba, sai gulbi ya kawo a dare ɗaya, ya raba mutum da gonarsa, ya raba ƙauye da asibiti, ya tsaya tsakanin manomi da kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Inda babu gada, sai fito. Sabon jirgi kuwa ya yi tsada, domin katako ya yi tsada, ƙusa ta yi tsada, mafi yawan gwanayen haɗa shi ma suna can bakin manyan ruwaye. Shi ya sa idan gari ya yi karo-karo, ko wani mai hali ya so shiga sana'ar, abin da ake nema shi ne na hannu, daga inda ruwa ba ya yankewa, kamar Yauri a bakin Kwara ko madatsun Goronyo da Bakolori.

Wanda zai sayi sa a kara sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa a zagaya da shi, sau da yawa ma ya taho da wanda ya fi shi ido. Jirgin da zai ɗauki mutum arba'in kuwa, ana iya sallama shi yana tsaye cikin ruwa, rabin jikinsa a ɓoye, a kan maganar dillali. Wannan ne abin da ya dame ni.

Akwai wata kasuwar tsoffin jirage a duniya da ya kamata mu leƙa, ko da yake kayanta ba irin namu ba ne. A gaɓar tekun Faransa da Ingila da Turkiyya da Amurka, har da Legas, mutane na sayen jirgin shaƙatawa wanda iska ke turawa da manyan filafilan ƙyalle. Asalin irinsa ba baƙo ba ne gare mu: alhazan da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, kafin jirgin sama ya yawaita, da yawansu a jiragen iska na katako suka ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda. Na zamanin nan galibi da faiba ake yin sa, tsawonsa mita 10 zuwa 12. A cikinsa akwai ɗakin kwana a goshi, da wurin zama a tsakiya, da ɗan madafi, da makewayi, da tankin ruwan sha, da ƙaramin injin dizal na shiga tasha da fita. A ƙarƙashinsa an ɗaure wani faffaɗan ƙarfe ko darma mai kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin duka, yana nutsewa kusan mita 2. Shi ne ke hana iska kifar da shi, kuma shi ne dalilin da irin wannan jirgi ba zai yi taku ɗaya a Gagare ba. Gudunsa ma bai taka kara ya karya ba, kilomita 10 zuwa 13 a awa.

Yadda ake cinikinsa shi ne abin dubawa. Mai saye yakan ba da kafin alƙalami bisa sharaɗi, sannan ya ɗauko gwanin duba jirgi wanda shi zai biya da kuɗinsa, wanda ba shi da la'ada a cinikin. A ciro jirgin daga ruwa a ɗora shi a tudu. Gwanin ya bi jikinsa da ƙaramar guduma yana saurare, ya auna damshin da ya shiga faiba, ya duba ƙusoshin da ke riƙe da ƙarfen ƙasa, ya tambayi shekarun wayoyin ƙarfen da ke riƙe da dogon sandan da ke ɗauke da filafilan, waɗanda akan so a sauya su bayan kamar shekara 10 ko da ba su nuna komai ba. A duba awa nawa inji ya yi yana aiki. Bayan haka a mai da jirgin ruwa a fita da shi gwaji. Gwanin ya rubuta abin da ya gani, kuma da wannan takarda ake rage kuɗi ko a fasa. Kamfanin inshora ma ba ya yarda da tsohon jirgi sai ya gan ta. Duk wannan a kan jirgin da zai ɗauki mutum shida zuwa yawon buɗe ido.

Babu abin da ke cikin wannan tsari da ya fi ƙarfin mutanen bakin gulbi. Ba ma buƙatar na'ura. Muna buƙatar a ciro jirgi, a kife shi, a sa wanda ya san itace ya duba.

A fara da itacen. Jirgin da aka sassaƙe daga gungume guda ya yi ƙaranci, domin manyan itatuwan sun ƙare a dazukanmu. Abin da ya fi yawa yanzu shi ne na katako da aka jera aka buga da ƙusa a kan haƙarƙari, aka cusa tsumma ko auduga a tsakanin katako da katako, aka bi da kwalta. Maɗaci da loko da kawo suna jure ruwa, su ne itacen da masu haɗa jirgi ke yabo, tun daga Yauri har Mopti ta ƙasar Mali. Rimi da sauran farin katako ba su da nauyi, suna da araha, kuma suna ruɓewa da wuri. Fenti na ɓoye bambancin. Saboda haka sabon fenti a kan tsohon jirgi dalili ne na ƙara sa ido. A kankare wuri biyu uku a ga launin itacen. A soka tsinin wuƙa a ƙasan haƙarƙari, inda ruwa ke kwanciya, da goshi, da katakon baya. Itace mai rai yana tirjewa, ruɓaɓɓe kuwa wuƙa na shigewa ba gardama. A ƙwanƙwasa da guduma: mai lafiya na amsawa da ƙarfi, wanda gara ko ruɓa ta cinye cikinsa na amsawa a dushe.

Sai ƙusa, wadda a ganina ita ce ta fi yaudara. Kanta na iya kasancewa lafiya lau a waje alhali tsatsa ta cinye tsakiyarta, daidai inda katako ya haɗu da haƙarƙari. Duk inda aka ga baƙin zobe ko jan zirin tsatsa ya zubo daga kan ƙusa, ruwa ya daɗe yana shiga nan. Mai saye ya roƙi a zare masa uku ko huɗu daga ƙasan jirgi, wuraren da shi ya zaɓa. Idan sun fito sirara kamar allura, sauran ma haka suke. Facin kwano ko gwangwani da aka buga a kan tsaga ba laifi ba ne a kan kansa, kowane tsohon jirgi na da shi, amma a ɗaga ɗaya a ga abin da ke ƙasa. Sannan mutum biyu su kama goshi su ɗaga su girgiza, wani ya tsaya a tsakiya yana kallo. Jirgin da ke murɗewa, haɗin katakonsa na buɗewa yana rufewa, ya gama aiki.

Irin wannan ne ya ci mutane a Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi ranar 26 ga Mayu, 2021. Jirgin ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150, jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa suka ce tsoho ne mai rauni, ya rabe a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto ba su wuce 20 da ɗoriya ba.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da ƙasarmu, wadda mai sayarwa daga Yauri ba lallai ya tuna da ita ba. Jirginsa bai taɓa bushewa ba. Katako na kumbura idan ya sha ruwa, kumburin nan ne ke matse haɗi ya hana yoyo. A kawo shi Zurmi ko Shinkafi, ya yi aikin wata uku, sai gulbi ya janye ya bar shi a kan yashi. Hunturu ya busa shi, zafin Maris da Afrilu ya gasa shi, katako ya tsuke, kwalta ta narke ta tsage, ƙusa ta yi sako-sako a raminta, gara ta hau ta ƙasa. Ranar da ruwan farko ya iso, jama'a sun matsu, sai a tura shi haka nan. Jirgin da aka saya lafiyayye na iya zama matacce a rani ɗaya ba tare da ya ɗauki kowa ba. Maganin ba shi da tsada: a ɗora shi a kan duwatsu ko itace kada ya taɓa ƙasa, a yi masa rumfa ko a rufe shi da zana, a sake cusa haɗinsa a bi da kwalta kafin ruwa ya sauka, sannan a jiƙa shi kwanaki a tafki ko a zuba masa ruwa a ciki har ya daina ɗiga. Wanda ba zai iya wannan hidima duk shekara ba, ya sani kuɗin da ya biya na damina ɗaya ne ko biyu.

Tsarin jirgin ma abin dubawa ne, domin ba kowane jirgi ya dace da kowane ruwa ba. Dogo siriri na masunta yana da gudu, yana da sauƙin tuƙi, amma yana da saurin karkata, an yi shi ne don mutum biyu da taru. Fito a gulbi mai yashi da ƙarfin gudu na son mai faffaɗan gindi shimfiɗaɗɗe, wanda ba ya nutsewa da zurfi, mai ɗagaggen goshi, mai bango da ɗan tsayi. Katakan zama da aka gicciya daga bango zuwa bango suna da aiki biyu: suna zaunar da mutane ƙasa, suna kuma riƙe bangon kada ya buɗe. Wasu masu fito na cire su don a sami wurin babur da buhu. Jirgin da aka ga ramukan ƙusar katakan zama amma babu su, an riga an raunana shi. A bar fili a tsakiya inda mai kwarfe ruwa zai tsuguna ya yi aiki ba tare da an danne shi da kaya ba.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce mutum nawa yake ɗauka, amsar dillali kuma ita ce adadin da ya taɓa ɗauka bai nutse ba. Akwai lissafi mai sauƙi da ya fi wannan amsa gaskiya. A ɗauki jirgi mai tsawon mita 10 da faɗin mita ɗaya da rabi. Da yake goshi da baya sun tsuke, filin da ya taɓa ruwa zai kai kamar murabba'in mita 10. Kowane kilo 100 da aka ɗora zai nutsar da shi santimita ɗaya. A ce da lodin da ya dace, tsakanin ruwa da bakin jirgi akwai santimita 30. A ƙara mutum 20, an cinye 12. A ɗora babur biyu da buhun hatsi shida, an cinye 8. Saura 10, bai kai taƙi ɗaya ba. Daga nan ƙaramar igiyar ruwa, ko mutum uku su matsa gefe ɗaya, ta wadatar. Ruwan da ya yoyo ciki shi ma lodi ne, kuma ya fi buhu sharri domin ba ya zama wuri ɗaya: jirgi na karkata sai ya kwarara can ya ƙara danna shi. Mutanen tsaye suna ɗaga nauyi sama, jirgi ya rasa daidaito. Waɗannan abubuwa uku kan haɗu a lokaci guda, shi ya sa waɗanda suka tsira kan ce abin ya faru ne kamar ƙiftawar ido.

Ingila ta sha wannan wuya a ƙarni na 19, lokacin da masu jirage ke cika tsoffin jirage da kaya suna tura matuƙa teku su hallaka. Wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya dage har aka yi doka a 1876 cewa a zana alama a jikin kowane jirgi, wadda ba a yarda ruwa ya rufe ta ba. Har yau manyan jiragen da ke shiga Apapa suna ɗauke da ita. Gwangwanin fenti ɗaya ya ishi jiragen mashigi guda su sami tasu. Amfaninta shi ne tana fitar da magana daga bakin mai fito ta sa ta inda kowa ke gani. Tsohuwar da ba ta iya lissafi ba za ta iya nuna layin ta ce, “Malam, ruwa ya taɓa ja, wani ya sauka.”

Gulbinmu gajeren ƙetare ne, sau da yawa gora da matuƙi sun isa, kuma jirgin da ba shi da inji ya fi sauƙin riƙo. Amma idan cinikin ya haɗa da inji, mai yiwuwa ɗaya daga cikin Yamaha ɗin nan masu ƙarfin doki 15 ko 40 da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, to shi ma a duba shi daban, domin kuɗinsa kan kai na jirgin ko ya fi. A tayar da shi da sanyi, a taɓa a ji ba a riga an ɗumama shi ba. A kalli zirin ruwan da yake fitarwa ta baya: idan ya yi rauni, robar da ke jan ruwan sanyaya shi ta cinye, kuma ruwa mai yashi irin namu na cinye ta da sauri. A kwance ƙusar man giya ta ƙasa a ga launinsa. Idan ya yi fari kamar nono, ruwa na shiga. A duba farfela ko ta lanƙwashe, a ciro fulogi a gani, makanike ya ja igiya ya ji ƙarfin matsinsa. A kuma duba katakon baya da aka ɗaure injin, domin jirgin da aka haɗa don tuƙin hannu, in aka maƙala masa babban inji, girgiza na kwance masa ƙusa. Mutuwar inji a tsakiyar gulbi ita ce lokacin da ruwa ke juya jirgi ya bugi gefensa. Saboda haka gora biyu da matuƙa biyu su zauna a ciki ko da inji sabo ne, tare da doguwar igiya da bokitin kwarfa biyu.

Rigar ruwa kuwa, dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta ta ga kowane fasinja, ta kuma hana tafiyar dare. Doka ce mai kyau, sai dai Lokoja na da nisa da Bunsuru. Kafin rigunan su iso, akwai abin da ke kowane gida. Jarkar lita 25 da aka rufe bakinta ba komai a ciki tana iya ɗaga fiye da kilo 20 a ruwa, wato ninki biyu na abin da rigar ruwa ta talaka ke ɗagawa. A ɗaure goma ko sha biyu a ƙarƙashin katakan zama da igiya mai ƙarfi, jirgi zai iya cika da ruwa bai tafi ƙasa ba, mutane su sami abin kamawa. A bar wasu a sake da madaurin hannu don jefa wa wanda ya faɗa. Dabara ce da kakanninmu suka sani: da manyan gora da masaki ake fito a da, har yau kuma a kan gora masuntan Argungu ke iyo.

Daga nan sai gwaji, kuma kada a yi shi da mutane. A loda buhunan yashi daidai nauyin da ake son ya riƙa ɗauka, a bar shi ya kwana a ruwa, da safe a ga abin da ya tara. A ƙetare da shi inda ruwa ya fi gudu, a juya shi, a ga ko yana jin matuƙi.

Bayan kowane haɗari akan ji manya na kiran a daina jirgin katako a koma na faiba. Na faiba na da kirki: gara ba ta cin sa, rani ba ya tsuke shi, mai kyau ana sa masa soso a jiki don kada ya nutse. Amma tsohon na faiba ma na da cututtukansa. Rana na cinye shi ya yi gautsi, katakon da ke cikin bayansa na ruɓewa a ɓoye, in ya bugi kututture yana fashewa, kuma kafintan ƙauye ba shi da abin gyara shi. Wanda ba a yi masa soso ba, in ya cika, ya fi na katako saurin tafiya ƙasa. Lodin da ya wuce ƙa'ida kuwa bai san katako ko faiba ba. A Gummi, ranar 14 ga Satumba, 2024, manoma ne ke ƙetarewa zuwa gona da safe, fiye da 40 suka rasu. A watan Agustan 2025 jirgi mai fiye da mutum 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. A ƙarshen wannan watan na Agusta dai, a Birnin Magaji, maƙwabciyar Ƙaura da Zurmi, aƙalla mutum 13 suka rasu a jirgin da suka cika suna gudun 'yan bindiga. Allah ya jiƙansu da rahama.

Wannan na ƙarshe ya fi kusa da mu, kuma ya sauya lissafin sayen jirgi a wannan yanki. A garin da ake iya tashi da gudu tsakar dare, babu mai tsayawa duban layin fenti, kuma ba a isa a zarge su ba. Abin da za a iya yi tun ana zaune lafiya shi ne a zaɓi jirgin da zai yafe kuskure: mai faɗi, mai bango, mai jarkoki a ɗaure. Idan kuɗin karo-karo zai sayi babba ɗaya ko matsakaita biyu, ni matsakaita biyu zan ba da shawara, domin ɗaya na iya ceton ɗaya, kuma jama'a na rabuwa. Inda gulbin bai cika faɗi ba, igiya mai kauri da aka ɗaure daga gaɓa zuwa gaɓa tana ba da damar jan jirgi da hannu ya je ya dawo da sauri, ko da gwanin tuƙi ba ya nan.

Saura wanda zai duba. Ba sai an jira jami'i daga Gusau ba. Kusan duk garin bakin ruwa na da sarkin ruwa ko dattijon masunta, da kafinta, da makanike. Sharaɗin kawai shi ne kada mai dubawa ya kasance yana da rabo a la'ada, kuma mai saye ne zai sallame shi. Shari'ar da muke bi ta riga ta tanadi sauran: a mazhabar Malikiyya wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, in ya ɓoye kuma mai saye na da damar mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. A rubuta takarda gaban shaidu, a ambaci irin itacen, da shekarun jirgin gwargwadon sanin mai shi, da wuraren da aka yi faci, da adadin mutanen da mai dubawa ya yarda da shi. A ajiye kwafi wurin mai gari. Kansila ko hakimi na iya sa a maimaita wannan dubawa kowace shekara a watan Mayu, lokacin da jiragen ke kife a kan tudu, kafinta na da sarari, kuma akwai sauran makonni na jiƙa katako kafin gulbi ya kawo.